Ƙurajen Sululu, Karen Kawu Ɗangiwa

Kebbe, tara ga watan Rajab

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Mardiya ɗiyar ƙanwarka Fadimatu, zuwa ga kawuna Ɗangiwa maharbi, a gidan ɗansa Ɗanmaliki cikin Tambuwal. Gaisuwa da ban girma da fatan alheri.

Yaya idanun? Wani mai kanwa da ya biyo ta nan ya ce ya ishe ka zaune ƙofar gida, ya gaishe ka, da murya kawai ka gane shi. Ban ji daɗin wanga labari ba, amma ya ce ka yi ƙiba, na gode Allah. Mu nan lafiya muke. Ruwa ya sauka sau biyu, maigidana Namadi ya shuke gonar tudu. Ni'imatu ta fara rarrafe, haƙoranta biyu, duk abin da ta samu a ƙasa sai baki.

Bayan haka, Kawu, maganar Sululu ce ta sa na nemi takarda. Ranar da anka aza ka bisa jaki, wata fuɗu ke nan, ka riƙe hannuna ka ce, "Ɗanmaliki ba ya barin kare ya shiga masa gida, ban kuwa ga laifinsa ba. Ga amana nan." Na karɓa. To amanar ta kamu da ciwo a hannuna.

Kwana goma sha biyu da sunka wuce na lura yana yawan susa da ƙafar baya, yana cizon cikinsa. Da na kwantar da shi na diba, sai na ishe fatar cikin ta yi ja, tun daga cibiya har cikin cinyoyi. Akwai ƙuraje ƙanana kamar ƙwayar gero, wasu da ruwa, wasu sun fashe sun bushe sun yi ɓawo baƙi-baƙi. Gashin wurin ya zube. In ya sosa sai ɓawon ya tashi jini ya fito, gobe wani ya sake kamawa. Yana cin tuwo, amma ba kamar da ba. Da hantsi kuma sai ya ɓace, ba mu ganinsa sai la'asar, ban san inda yake zuwa ba.

Matan unguwa sun ce ƙazwa ce. Jiya uwar Namadi ta ishe Ni'imatu ta rarrafa har ta kama masa wutsiya. Ta sure ta, ta wanke mata hannu har sau ukku, sannan ta dube ni ta ce, "Ki zaɓa, ko ɗiya ko kare." Namadi yana wurin. Da ta fita ya ce mini, "Ba na ƙin karen Kawu, damina biyu ya tsare mana gona daga birai. Amma in mai unguwa ya sa baki, nawa ya mutu."

Kawu, ka san karnuka kamar yadda ka san yatsun hannunka. Ka gaya mini abin da ke kawo wanga ciwo da abin da zan yi masa. In kuwa ƙazwar ce, ka faɗa mini gaskiya, kada ka ji tausayina.

Ga daddawa nan na ƙunso maka, na san miyar birni ba ta kai maka ba. Har yanzu in na dama fura sai na ware taka a ƙwarya, sannan in tuna.

Wassalamu.


Tambuwal, ashirin ga Rajab

Da sunan Allah. Daga Ɗangiwa zuwa ga ɗiyata Mardiya. Maƙwabcina Malami ne ke riƙe da alƙalami, ni nika faɗa. Ina gaishe ki, ina gaida Namadi da uwarsa, da 'yar mai haƙora biyu.

Idanu dai na hagu ya tafi, na dama yana bambanta rana da inuwa. Mai magani ya ce a jira yanar ta nuna kafin ya taɓa ta. Ɗanmaliki bai rage ni da kome ba, ga ɗaki, ga tabarma sabuwa, shi da kansa ke riƙe hannuna zuwa masallaci. Sai dai tun da anka haife ni ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba. Ranar da anka yi ruwan fari na ji ƙanshin ƙasa, ƙafafuna sunka yi ta motsi da kansu. Sun san lokacin da sawun gada ke fitowa a bakin fadama.

Na sa Malami ya karanta mini takardarki sau ukku. Ki saurara, kada ki bi bakin mutane kafin ki gwada.

Ƙazwa ba ta tsayawa ga ciki kaɗai. Gefen kunne take fara ci, da gwiwar ƙafar gaba. Ki kama gefen kunnensa ki murza tsakanin yatsu biyu. In ƙafar bayansa ta fara harbin iska da kanta, to ita ce, ki raba shi da ɗiya a ranar, kada ki tsaya neman shawarata. In ƙafar ba ta motsa ba, kunnen kuma sumul yake, sai ki nemi wani abu.

Ki tsayar da shi bisa farin tsumma jiƙaƙƙe, ki tsefe gashin gindin wutsiyarsa da yatsu. In wani baƙin gari ya zubo kamar dakakken masoro, ya taɓa laima ya koma ja, ƙuma ce. Kashinta ke nan, jinin da ta sha ne. Kaska ɓawo ɗaya take bari mai tauri, inda anka fizge ta kanta ya saura cikin fata. Makero kuwa zagaye yake yi kamar bakin ludayi. Akwai kuma ciwon damina. Cikin kare ba shi da gashin kirki, in ya kwanta ƙasa mai laima ko ya yi ta ratsa ciyawa da raɓa, fatar sai ta yi laushi, ya sosa, ƙuraje su fito da ruwa. Yadda kinka kwatanta, zuciyata ta fi ba ni ƙuma ce ta fara, laima ta ƙarasa.

Kada ki ɓamɓare ɓawon, murfi ne Allah ya yi wa ciwo. Ki dafa bagaruwa, ki bar ruwan ya huce har ki iya tsoma gwiwar hannunki, ki jiƙa tsumma ki dinga dannawa a hankali. Wanda ya nuna zai faɗi da kansa. Kwana ukku-ukku ki yi masa wanka gaba ɗaya da sabulun salo, ki ɗauraye da ruwan sassaƙen maɗaci, ƙuma ba ta son ɗacinsa. Ki bar shi a rana ya bushe sarai kafin ki shafa man kaɗe, shi ma kaɗan. Wani zai ce ki sa ruwan taba. Kada ki yarda. Ina saurayi na sa wa wani karena, ya lashe, kafin azahar ya mutu a hannuna.

Lasa ita ke hana ciwon kare warkewa. Ki samu tsohon faifai, ki huda tsakiyarsa, ki zura masa a wuya ki ɗinke. Zai yi fushi, zai yi ta karo da bango, ki bar shi. Ki ƙara masa nono da ƙashi cikin tuwo. Sannan ki bi shi ki ga inda yake ɓacewa da hantsi. Duk wankan da kinka yi banza ne in yana komawa inda ƙumar take.

In kina wanke shi ki dinga yi masa magana, ba ya son a taɓa cikinsa a shiru. Shekara tara ke nan da na ciro shi daga ramin da uwarsa ta mutu, idonsa bai buɗe ba, na shayar da shi nonon akuya da tsumma. Kin tuna, ke kinka riƙe akuyar.

Ki gaya mini ko har yanzu yana aza ƙafa ɗaya bisa hanci in zai yi barci.

Daddawa ta iso. Matar Ɗanmaliki ta ce ta cika wari, ni kuwa na sa an ajiye mini ita kusa da inda nika aza kai.

Wassalamu.


Kebbe, sha fuɗu ga Sha'aban

Da sunan Allah. Daga Mardiya zuwa ga Kawu Ɗangiwa. Ina gaishe ka, ina gaida yaya Ɗanmaliki da iyalinsa, ina gode wa Malami da ya ara maka hannu. Mu lafiya. Gero ya kai gwiwa, an gama noman fari. Ni'imatu ta yi zazzaɓin haƙori kwana biyu, ta warware.

Kawu, ba ƙazwa ba ce. A gaban mai unguwa na gwada. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi da dattawa biyu, don awakin wani gida sun fara zubar da gashi an ce Sululu ne ya kawo. Na ce ya ba ni izini in nuna masa abin da ka ce. Na murza kunnen dama, na murza na hagu, ƙafa ko motsi. Na shimfiɗa farin tsumma na tsefe gindin wutsiya, baƙin garin ya zubo, ya koma ja a gaban idonsu.

Mai unguwa ya daɗe yana kallon tsumman. Sannan ya ce, "Na gani, Mardiya, na kuma san Ɗangiwa ba ya faɗin abin da bai sani ba. Amma ba na iya bin gida-gida ina murza kunnen kare. Mutane ɓawo suke gani. Ki fitar da shi gari kafin Laraba, in ba haka ba samari za su yi abin da ba ki so, ni kuma ba na nan sa'ad da za su yi."

Faifan ma bai taimake ni ba. Na sa masa kamar yadda ka ce, ya bi ni rijiya da shi a wuya, mata sunka yi ta dariya, wata ta ce karen Ɗangiwa ya fara tallan fura. Ni ma sai da na yi dariyar, ko da raina ba daɗi.

Sai na tuna da Atu, Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda ka kashe musu kurar da ke ɗaukar maruƙa. Da na gaya mata ba ta bari na gama ba, ta ce in kawo shi. Ranar Talata Namadi ya ɗaura masa igiya ya kai shi daji, rugar su Atu da ke bayan fadama, inda ƙasa rairayi ce ba ta riƙe ruwa. Can zai zauna har ya warke. Bai yi kuka ba. Ni ce na yi.

Kullum in na gama aikin safe ina goya Ni'imatu in ɗauki tulun ruwan bagaruwa in tafi. Ita tana hannun Atu sa'ad da nika wanke shi, ina kuma wanke hannuna da toka kafin in karɓe ta. Ƙurajen gefe sun fara bushewa, na tsakiya ba su daina ruwa ba. Ban samu bin sa na ga inda yake ɓacewa ba kafin a kai shi, noma ya riƙe mu.

Ka tambayi ƙafa bisa hanci. Yana gwadawa, faifai ya hana, sai ya aza ta bisa faifan.

Ɗan'iya mai jakai zai kawo maka wagga takarda. Ya ce gulbi ya fara kawo ruwa, wataƙila shi ne na ƙarshe da zai haye kafin ya cika.

Wassalamu.


Tambuwal, shida ga watan azumi

Da sunan Allah. Daga Ɗangiwa zuwa ga Mardiya, da hannun Malami. Ina gaishe ku da azumi. Ni lafiya.

Takardarki ta iso a jiƙe. Jakin Ɗan'iya ya zame a mashigi, kaya sunka sha ruwa. Malami ya shanya ta, amma tawada ta gudu, fiye da rabinta ya zama baƙin tabo. Abin da ya tsira ya karanta mini. Mai unguwa ya zo. An ce a fitar da shi gari kafin Laraba. "Namadi ya ɗaura masa igiya ya kai shi daji." Daga nan sai baƙi. Can ƙasa kuma, "Bai yi kuka ba. Ni ce na yi."

Na fahimta. Ni maharbi ne, na san abin da ake nufi in an kai kare daji da igiya. Ni kaina na kai biyu a rayuwata, ɗaya hauka ta kama shi, ɗaya gyado ya farke masa ciki.

Ban ce kin ci amana ba. Ɗiya ta fi kare, kowane alƙali aka tambaya haka zai ce. Abu ɗaya ne ke damuna. Da kun jira kwana goma, da magani ya nuna kansa. Ko da kin aiko mini, da na roƙi Ɗanmaliki ya ajiye shi a gonarsa ta bayan gari. Tun da na zo ban roƙe shi kome ba, amma da wannan na roƙa.

Ina so ki gaya mini, da me Namadi ya yi, ya kuma yi da sauri? Ya rufe shi ko ya bar wa ungulu? In bai rufe ba, a koma a tattara abin da ya saura a sa ƙarƙashin tsamiyar bakin fadama. Nan muke hutawa ni da shi in mun fito daga daji.

Ba sai kin ƙara wahalar aiko da daddawa ba.

Wassalamu.

Ni Malami ina ƙara wannan da kaina, bai san na rubuta ba. Kwana biyar ke nan bai fito ƙofar gida ba. In an sha ruwa, kurɓi ukku yake yi na kunu ya ture ƙwarya. In akwai wata magana da ruwa ya cinye wadda za ta sanyaya masa rai, ki gaggauta aiko ta.


Kebbe, sha biyu ga watan ƙaramar salla

Sululu yana raye. Na sa wannan gaban gaisuwa, Malami ka karanta masa shi sau biyu.

Da sunan Allah. Daga Mardiya zuwa ga Kawu Ɗangiwa. Barkanku da salla. Takardarka ta fi wata bisa hanya, ta kwanta hayin gulbi hannun wani masunci, sai shekaranjiya ta iso. Wata guda kana makokin karen da ke kwance yanzu haka ƙarƙashin rumbuna yana gwaguyar ƙashi.

Dajin da na ce rugar su Atu ce, Bafulatanar nan mai nono. Can munka ɓoye shi don kada samari su taɓa shi. Abin da ruwa ya cinye ke nan.

Amma Kawu, kai ka rene ni tun ina shekara shida da Inna ta rasu. Ka taɓa ganin na yanka ko kaza a gidanka ban gaya maka ba? Da na kai inda ka ce ba ka ce na ci amana ba, ajiye takardar na yi na shiga ɗaki. Namadi ya fi ni jin zafi. Ya ce, "Ni Kawu ke tambaya da me na yi?" Shi ne fa ya saɓa karen nan a kafaɗa ya ratsa fadama da shi, ruwa har ƙugu, don kada cikin ya jiƙe. Ban faɗa don ka ji kunya ba. Na faɗa don in na riƙe shi a ciki ba zan iya rubuta sauran ba.

Sauran kuwa ni ce mai neman gafara a cikinsa.

Sau ukku Sululu ya cinye igiya ya gudu daga ruga. Duk sanda ya dawo sai ƙurajen da sunka fara bushewa su sake yin ja. A na ukku an yi ruwa da safe, sawunsa ya fito a taɓo, na bi. Ya zagaya bayan ganuwa, ya shiga ta inda ta zube, ya nufi tsohon ɗakinka. Kawu, ban shiga ɗakin nan ba tun ranar da ka tafi. In na je ɗiban ruwa ina bi ta gabansa, ina duban tufaniyar ƙofa, amma ban taɓa ɗaga ta ba. Ashe jinka ta zube ta gefen gabas, duk ruwan damina ciki yake sauka. Na ishe shi kwance bisa buzunka, buzun jiƙe sharaf ya yi funfuna, ya kuma jawo rigar farautarka ya sa ƙarƙashin haɓa. Kafin in yi taki biyu ƙafafuna sun yi baƙi da ƙuma har ƙwauri. Nan yake wuni tun ranar da ka tafi.

Na fitar da baka da kwari, na kwance layun da ke jikin rigar na adana maka su. Buzu da riga da tabarma na tara su a tsakar fili na sa musu wuta. Namadi ya ture sauran jinkar don rana ta shiga, ya baza kara a daɓen ya ƙona. Ban nemi izininka ba, gulbi ya hana. Na san shekarun da rigar nan ta yi a jikinka. Ka yafe mini.

Sululu yana zaune yana kallo har wutar ta mutu. Kwana biyu bai ci kome ba, ko nonon Atu bai kalla ba. Rana ta ukku na zauna gabansa a ƙasa, na gutsura tuwo a tafin hannuna, na yi ta yi masa magana kamar yadda ka ce. Na gaya masa ni ma ba a tambaye ni ba kafin a tafi da kai. Na gaya masa labarin Ni'imatu, da tsadar gishiri, da duk abin da ya zo bakina. Can ya miƙo wuya da faifansa ya lashe hannun.

Daga ranar bai ƙara gudu ba. Cikin kwana ashirin ɓawon ya zube da kansa, fata sabuwa ta fito, yanzu har gashi ya fara tsiro, mai laushi kamar na jariri. Na kai shi ƙofar mai unguwa na kwantar da shi ya gani, ya ce in mayar da shi gida. Uwar Namadi ta ce, "Kada dai ya shiga ɗaki." Na san yarda ce. Namadi ya ɗebo rairayin gulbi ya zuba ƙarƙashin rumbu, duk Juma'a ina sharewa in sake. Faifan na cire tun ranar salla.

Ka ci abinci, Kawu. Ga daddawa nan, ban tambaye ka ba.

Wassalamu.


Tambuwal, ashirin da bakwai ga watan ƙaramar salla

Da sunan Allah. Daga Ɗangiwa zuwa ga ɗiyata Mardiya. Ina gaishe ku duka. Malami ya karanta layin farko sau biyu kamar yadda kinka ce, ni na sa ya ƙara sau fuɗu.

Na zalunce ki, na zalunci Namadi. Makaho ya ji rabin magana ya yanke hukunci. Naki ban-haƙurin ga shi a takarda, na Namadi sai da bakina, ba a aika irin wannan.

Abin da kinka ƙona, ƙuma kinka ƙona. Rigar da ba za ta ƙara shiga daji ba, me nika yi da ita?

Na roƙi Ɗanmaliki ya kai ni Kebbe in an yi girbi gulbi ya janye. Ya ce, "Baba, kare za ka gani ko mutane?" Na ce da shi ni da ba na gani, duk wanda ya fara isowa hannuna shi zan taɓa. Ya yi dariya, ya ce shi zai ja jakin da kansa.

Kada ki yi wahalar gyara mini ɗaki. Zauren Namadi ya ishe ni.

Wassalamu.


Tambuwal, biyar ga watan babbar salla

Da sunan Allah. Daga Ɗangiwa zuwa ga ɗiyata Mardiya. Mun iso lafiya, mun kwana Sanyinna gidan wani abokin Ɗanmaliki. Ƙugu ya yi tsami da zaman jaki, ban da shi ba abin da ke damuna. Mai magani ya diba idon dama ya ce yanar ta nuna, bayan salla zai taɓa. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Namadi, ki ce masa tuwon sabon geronsa har yanzu yana bakina. Ki gaida uwarsa. Ni'imatu ta tsige mini gemu ya fi goma, na yafe.

Kwana biyar na yi wurinku, akwai abin da ban faɗa miki ba, bakina ya fi sakewa in Malami ne a gabana.

Ranar da munka iso wurinku, kina can kina shimfiɗa tabarma, tun a ƙofar gari na ji hanci mai sanyi cikin tafin hannuna. Ba haushi, ba kome, kamar yadda ya saba. Na ce Ɗanmaliki ya sauke ni. Nan bisa hanya na durƙusa na kwantar da shi, na bi cikin da yatsu tun daga ƙirji har cinyoyi. Sumul, sai tabo ɗaya kamar ƙwayar wake a cinyar hagu. Ko ni da idona biyu ban taɓa warkar da kare haka ba. Mutane na wucewa da kaya suna zagaye mu, Ɗanmaliki na tsaye riƙe da igiyar jaki, bai ce in tashi ba.

Amma na lura da wani abu a zaure. Yana kwance jikin ƙafata, da ya ji kin aza taɓarya a turmi sai ya tashi. In kin gama ya dawo. In kin ɗauki tulu, ya tashi. Makaho ba abin da ke wuce masa a irin wannan.

Rana ta fuɗu Ɗanmaliki ya zauna kusa da ni ya ce, "Baba, akwai rumfa a gonata. In kana so mu tafi da shi, kullum sai in kai ka ka wuni can." Ban zaci haka daga gare shi ba. Na ce ya bari mu gani.

Da munka yi sallama da ku a ƙofar gari, sai da munka yi nisa na yi fito sau ɗaya. Kin ga ya biyo mu, ba ki kira shi ba, na kuma san abin da shirun nan ya ci miki. Ya bi gefen jaki har mashigi, ina jin numfashinsa wajen ƙafata. Munka shiga ruwa, sai na daina jin sa.

Na ce, "Ina yake?"

Ɗanmaliki ya ce, "Ya tsaya bakin ruwa, Baba. Ya dube ka, ya dubi gari."

Munka ƙara taki kaɗan. Ya ce, "Ya zauna."

Na ce mu ci gaba. Da munka kai tsakiya ya ce, "Ya juya, yana tafiya a hankali. Ka sake yi masa fito mana."

Mardiya, shekara tara karen nan bai taɓa ƙin fitona na biyu ba. Ko zaki ne a gabansa zai zo. Na san in na yi zai faɗa ruwa ya biyo ni, ya zauna rumfar gona yana jiran makahon da ake kawowa da hantsi a ɗauke da la'asar. Na haɗa leɓe har na ja iska, sannan na sake ta. Ɗanmaliki ya ci gaba da jan jaki har munka haye. Can hayi ya tsayar da jaki ya ce igiyar kaya ta kwance, ya daɗe yana gyaran ta, ni kuwa na san ba abin da ya kwance.

Baka da kwari ki ba Namadi, birai ba su san mai bakan ya tsufa ba. In damina ta matso ki fara diba cikin Sululu tun kafin ya fara susa, ki tanadi bagaruwa tun yanzu da take zuba.

Ki kuma dinga rubutowa, ko da ba shi da ciwo.

Wassalamu.